Shahada Ta Yi Ko Mutuwa Ta Yi? Yadda Aka Wuni a Zauren 'Yan Ajinmu

Bala Bajiniya: Assalamu alaikum. Na san yadda ake yi da ni a zauren nan. In na yi magana sai a yi kamar iska ce ta kaɗa, sai ranar karɓar gudummawa ake tuna akwai wani Bala a Amurka. Yau ko babu mai tanka mini sai na amayar da abin da ke raina.

Yau 12 ga Agustan 2024, shekara 7 ke nan cif da kashe Heather Heyer. Da sassafe na ɗauko fasinja daga Richmond na kai shi garin Charlottesville, duk a nan jihar Bajiniya (Virginia), tafiyar awa ɗaya da ɗoriya. Da na sauke shi sai na ce tunda ƙafa ta kawo ni, bari in ga wurin da aka kashe ta da idona. Wallahi ɗan layi ne siriri mai gangara, ginin jan bulo dama da hagu, in mota ta shigo a guje babu inda mutum zai raɓe. An cika bangon da rubutun alli, wani ruwa ya wanke, wani sabo ne. Tun ƙarshen 2017 aka sa wa wannan ɓangaren layin sunanta. Na tarar da wata tsohuwa a durƙushe tana rubutu, gwiwar wandonta duk ƙura. Ba ta ce mini komai ba, ta dai miƙo mini guntun allin. Na rasa abin da zan rubuta, sai na rubuta "Mun gode" da Hausa.

Ga wanda bai san labarin ba. A 2017 majalisar garin ta yanke shawarar cire mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, wanda ya jagoranci sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ɓangaren da ya yi yaƙi don kada a daina bautar da baƙar fata. Sai masu aƙidar fifikon farar fata suka yi gangami daga jihohi daban-daban. Daren Juma'a suka ratsa jami'ar garin riƙe da sanduna masu ci da wuta suna ihun Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba. Washegari Asabar mutanen gari suka fito nuna ƙin amincewa, Heather na cikinsu, Baturiya ce 'yar shekara 32, ma'aikaciya a ofishin lauyoyi. Wani yaro ɗan shekara 20 daga Ohio, James Fields, ya tako mota ya afka cikin taron. Ta mutu, gommai suka ji rauni.

Maganata ita ce: da gangan 'yan sanda suka zuba ido. Da baƙaƙe ne ko Musulmi suka shigo gari da bindigogi da garkuwa da kulake, da ba a kai azahar ba an share su. Kuma ina so wanda ya ce a nan makon jiya wai Bature duk ɗaya ne ya ji da kyau. Ni na fi ku sanin halin Bature, ko sati biyu ba a yi ba wata fasinja ta ce in koma inda na fito, ta kuma rage mini maki a manhaja. Amma wannan baiwar Allah ta yi shahada ne wajen kare mutuncin baƙar fata irina da irinku, alhali ba jininta ba ne. Mu kuwa ko gaisuwa ba ma amsa wa juna.

Ustaz Rabi'u: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Bala, sannu da hanya. Amma ka janye kalmar shahada.

Bala Bajiniya: Allah gafarta Malam, duk wannan rubutun da na yi kalma ɗaya ka gani?

Ustaz Rabi'u: Ita ce mai haɗari a ciki. Ban ce ba a zalunce ta ba, zalunci ne tsantsa, wanda ya yi shi azzalumi ne. Amma shahada matsayi ne na addini, tana da sharuɗɗa, na farko shi ne imani. Kai, ko Musulmi ne ya mutu a fagen fama ba a yanke masa. Imam Bukhari babi guda ya ware a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne. Sai dai a ce muna yi masa fata. To ina ga wadda ba ta yi kalmar shahada ba?

Monita: Ustaz ya yi gaskiya. Bala gyara kawai, ba wani abu ba ne.

Maman Hanif: Ikon Allah. Mutum ya zo da maganar kisan kai da sakacin hukuma, an bar jaki ana dukan taiki. Ustaz, jiya na yi shahada na sayo kwanon shinkafa a farashin da ban taɓa zato ba. Ka zo ka ce in janye.

Hajiya Talatu: Maman Hanif kin kashe ni da dariya.

Ustaz Rabi'u: Hajiya, wannan salon magana ne, kowa ya san ba ma'anar shari'a kike nufi ba. Shi kuwa a kan mamaciya ya faɗa.

Maman Hanif: To shi ma salon magana ne. Wa ya ce maka Bala fatawa yake bayarwa? Direba ne.

Bala Bajiniya: Maman Hanif, kare ni kike yi ko zagina?

Yohanna: Ina wuni jama'a. Ustaz, da izininka. Kalmar nan ta daɗe da zama Hausa. Mu ma a coci muna cewa shahidai, tun muna yara ake koya mana labarin Istifanus da aka jejjefe. Ban taɓa jin wani ya ce aron kalmar muka yi sai mun mayar ba.

Ustaz Rabi'u: Malam Yohanna, ina girmama ka. Ku faɗa a cocinku, ba ni da ta cewa. Ina magana ne da ɗan'uwana Musulmi a kan abin da ya fito daga bakinsa.

Yohanna: To ai zauren na 'yan aji ne, ba na masallaci ba. Ko an canza ban sani ba?

Monita: Yohanna kada ka kai maganar inda ba ta je ba.

Oga Sule: Ku tsaya in raba gardama. Shahada ta yi, amma shahadar ƙuda. Mace tana da aikinta, tana da albashinta da dala, wa ya aike ta tsakiyar titi? Kuma ni na ga wani bidiyo da aka yi bayani cewa motar ma ba ta taɓa ta ba, bugun zuciya ne ya kashe ta saboda tsoro. Yaron kuma tsorata ya yi, sun kewaye shi. 'Yan jarida ne suka kambama abin don su ɓata Trump.

Bala Bajiniya: Sule ka ji tsoron Allah. Turo bidiyon.

Oga Sule: Tsohuwar wayata ce, ta faɗa ruwa.

Lauya Kabiru: Na shigo a makare, ina kotu. Bari in gyara wasu abubuwa, don na bi shari'ar nan tun daga farko.

Oga Sule, maganar bugun zuciya ƙarya ce da su masu gangamin suka yaɗa. Ofishin likitan gwamnati da ya binciki gawar ya ce mummunan bugun da ta samu a ƙirji ne ya kashe ta. Maganar tsoro kuwa ita ce lauyoyin Fields suka kawo a kotu, ba ta karɓu ba. An nuna cewa babu wanda ya kewaye motarsa, sai da ya ja da baya sannan ya taka wuta ya gangaro. Watanni kafin ranar ya sa hoton mota tana kutsawa cikin masu zanga-zanga a shafinsa na Instagram. Ana gobe abin zai faru mahaifiyarsa ta tura masa saƙo ya kula da kansa, ya mayar mata da cewa ba su ne ya kamata su yi hattara ba, ya haɗa da hoton Hitler. A Disambar 2018 aka same shi da laifin kisan kai da gangan a kotun jiha, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai da ƙarin shekara 419. A kotun tarayya kuma shi da bakinsa ya amsa laifi 29 na ƙiyayya a 2019, don ya tsira daga hukuncin kisa, nan ma rai-da-rai.

Kai kuma Bala, maganarka ta 'yan sanda rabi ce. Gari ya sa wani tsohon mai gabatar da ƙara na tarayya, Timothy Heaphy, ya yi bincike, rahoton ya fito Disambar 2017. Ya ce 'yan sanda sun gaza, sun tsaya a bayan shinge ana dambe a gabansu, kuma na gari da na jiha ko tashar oba-obarsu ba ɗaya ba ce. Abin da ya fi ciwo: a bakin wannan layin da ka tsaya yau 'yar sanda ɗaya tak aka ajiye, wadda aikinta na yau da kullum a makaranta ne. Da rikici ya matso ta nemi ɗauki, aka janye ta, ba a kawo wani ba. Abin da ya rage tsakanin mota da jama'a shingen katako ne guda ɗaya. Amma "da gangan" magana ce mai nauyi. Shugaban 'yan sandan garin a lokacin, Al Thomas, baƙar fata ne, kuma ya ajiye aiki bayan fitar rahoton. A ranar ma 'yan sandan jiha biyu sun mutu, jirginsu mai saukar ungulu ya faɗo. Ina ganin a nan ya kamata a yi muhawarar: sakaci ne ko niyya?

Ustaz Rabi'u: Barista, mun gode da bayani. Amma a duk takardun kotun da ka karanta, akwai inda aka ce ta yi shahada?

Lauya Kabiru: Ustaz, kotun Bajiniya ba ta raba Aljanna.

Ustaz Rabi'u: To alhamdu lillahi, mun haɗu.

Lauya Kabiru: Ba mu haɗu ba. Ni ban ma shiga wannan ba.

Oga Sule: Barista ka yi dogon turanci amma ba ka taɓo Trump ba. An ce ya ce 'yan wariya mutanen kirki ne. Ƙarya ce. A wannan jawabin ya ce ba da 'yan Nazi yake ba, su a la'ance su gaba ɗaya.

Lauya Kabiru: Ya faɗi haka, ranar 15 ga wata. A jawabin dai ya ce akwai mutanen kirki a ɓangarorin biyu. Ranar da aka kashe ta kuma ya ce laifin na ɓangarori da yawa ne, bai ambaci sunan kowa ba. Duka biyun ya faɗa. Tambayar da aka yi ta yi masa ita ce, wane mutumin kirki ne zai bi sahun masu tutar Hitler ya kwana bai juya ba?

Oga Sule: Ni dai lokacinsa dala ba ta kai haka ba.

Maman Hanif: Sule, dalar Kantin Kwari Trump ne yake sa mata farashi? Bari in dawo kan Ustaz, don ban gama ba. Allah gafarta Malam, watan Maris ɗin nan wa ya turo mana hoton Rachel Corrie a zauren nan? Ba'amurkiyar da motar rusau ta sojan Isra'ila ta take a Rafah a 2003, tana 'yar shekara 23, ta tsaya gaban gidan Bafalasɗine kada a rushe. Me aka rubuta a ƙasan hoton? Na ajiye shi. "Shahidar Rafah." Har da alamar hawaye uku. Ita ta yi kalmar shahada ne?

Hajiya Talatu: Tabɗi.

Ustaz Rabi'u: Turowa na yi, ba ni na rubuta ba.

Maman Hanif: Ka janye a lokacin?

Ustaz Rabi'u: Ban lura da rubutun ba. In kuwa haka ne, kuskure ne, kuma ina neman gafarar Allah. Kuskurena ba ya zama hujjar Bala.

Maman Hanif: Na yarda. Amma ka lura da na Bala cikin minti biyu. Wadda ta mutu don Larabawa idonka ya tsallake, wadda ta mutu don baƙar fata ka kafa mata shinge. Ni abin da na gani ke nan.

Monita: Maman Hanif ki iya bakinki. Ustaz malami ne, ba sa'an wasanki ba ne a wannan fagen.

Maman Hanif: Benci ɗaya muka zauna da shi a aji uku, Monita. Ni nake ba shi amsar lissafi.

Ustaz Rabi'u: Ba a jefa ni da son Larabawa. Abu Ɗalib baffan Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam, ya kare shi da ransa da dukiyarsa shekara da shekaru. Wa ya kai shi hidima? Duk da haka aka hana a nema masa gafara. Al'amarin ba na launin fata ba ne.

Lauya Kabiru: Tunda an shiga tarihi, akwai Muɗ'im bin Adiyy. Bai musulunta ba, amma shi ya ba Annabi mafaka bayan dawowa daga Ɗa'ifa. Bayan Badar Annabi ya ce da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da an sake su saboda shi. Ke nan akwai hanyar girmama wanda ya yi maka halacci ba tare da an taɓa aƙida ba. Bala, ka ce gwarzuwa, a wuce wurin.

Bala Bajiniya: Ba zan canza ba. Da farko da an yi mini magana a hankali da na gyara. Yanzu kuwa ko harafi ɗaya.

Ustaz Rabi'u: Wannan shi ne girman kai. Zaman Amurka ya fara aiki.

Bala Bajiniya: Zaman Amurkan da kuke cin kuɗinsa.

Iro: Na yi shiru tun ɗazu ina karantawa, raina na ɓaci. Mako biyu ba a yi ba muna kulle a gida a Kano, dokar hana fita awa 24. An fita zanga-zangar yunwa, an kashe mutane a garin nan, na ga jini a ƙasa da idona a unguwarmu, an zuba masa ƙasa kafin magariba. Ɗan yayata ya fita sayo wa uwarsa magani aka kwashe da shi, har yau muna yawon beli. Babu wanda ya buɗe baki a zauren nan sai Yohanna da ya kira ni. Yau kuma an wuni ana faɗa a kan Baturiyar da ta mutu shekara 7 da suka wuce. Ita an sa wa layi sunanta, an ɗaure wanda ya kashe ta, an cire gunkin. Namu wa ya san sunansu?

Bala Bajiniya: Iro wallahi ban sani ba. Allah ya fito da shi. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?

Iro: In faɗa maka ka ce sai ranar gudummawa ake tuna ka?

Yohanna: Allah ya kuɓutar da yaron. Iro, gobe zan sake leƙowa.

Iro: Ustaz, tambaya gare ka. Su waɗanda aka harbe a Kano Musulmi ne, sun yi kalmar shahada, da yawansu ma da alwala suka fita. Shahidai ne?

Ustaz Rabi'u: Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Mas'alar tana da tafsili, ba a zaure irin wannan ake warware ta ba.

Iro: Ta Baturiya ka warware cikin minti biyu. Ko don kai ne ka yi ta turo mana wa'azin zanga-zanga haramun ce tun watan Yuli?

Ustaz Rabi'u: Kuma abin da malamai suka ji tsoro bai faru ba? Ba a fasa shaguna ba? Ba a ɗaga tutar Rasha ba?

Oga Sule: Shagon maƙwabcina ma an taɓa. A nan ina bayan Ustaz.

Maman Hanif: Kai dama kana bayan duk wanda ba ya so a fita titi.

Lauya Kabiru: Iro, turo mini sunan yaron da inda yake ta waya, ba a nan ba. Kuma abin da ka faɗa na cewa don Baturiya ce, ba kai kaɗai ka gani ba. A wannan ranar a Charlottesville an tare wani saurayi baƙar fata, DeAndre Harris, a wurin ajiye motoci da ke jikin hedikwatar 'yan sanda, aka yi masa taron dangi da sanduna har aka fasa masa kai. Daga baya shi ma aka tuhume shi, sai kotu ce ta wanke shi. Mutum nawa ne a nan ya taɓa jin sunansa? Tun 1965 haka abin yake. An harbe Jimmie Lee Jackson, baƙar fata, a Alabama, ƙasar ba ta girgiza ba. Da aka kashe James Reeb, farar fata mai wa'azin coci, makonni kaɗan bayan haka, Shugaba Johnson da kansa ya kira matarsa. Mahaifiyar Heather ma, Susan Bro, ta sha faɗin cewa an kula da mutuwar 'yarta haka ne don fara ce. Ita ce kuma ta tsaya a taron makoki ta ce sun so su rufe bakin 'yarta, sai ga shi sun ƙara ɗaukaka ta.

Bala Bajiniya: Ka ji uwa. Kuma gunkin da Iro ya ambata, sai Yulin 2021 aka iya cire shi saboda shari'a, a 2023 aka narkar da shi. Na wuce ta filin yau, ciyawa ce kawai a wurin.

Ustaz Rabi'u: Narkar da gunki kam abu ne mai kyau.

Hajiya Talatu: Alhamdu lillahi, yau an samu abu ɗaya da Ustaz ya yaba.

Alhaji Ƙarami: Ni ban san wata Heda ba, Allah ya ba danginta haƙuri. Amma Bala ya ce muna cin kuɗinsa, wannan ba zan bari ta wuce ba. Wa ya ci? A faɗi suna.

Bala Bajiniya: Dala 200 na turo lokacin rashin lafiyar marigayi ɗan ajinmu. Matarsa ta ce abin da ya iso hannunta bai kai rabi ba. Ta hannun wa ya bi?

Monita: Bala ka yi hattara. An yi canji a farashin ranar, an cire kuɗin mota na waɗanda suka je dubiya, sauran an sa a asusu. Komai a rubuce yake.

Maman Hanif: A wane littafi? Shekara biyu muna jin "a rubuce yake."

Alhaji Ƙarami: Ni na kai mutane a motata, ko kuɗin mai ba a ba ni ba. To wace motar aka biya?

Monita: Alhaji wannan ba wurinsa ba ne.

Oga Sule: A'a, wurinsa ne. Wannan ta fi ta Amurka amfani.

Yohanna: Ni dai tambayar Barista nake jira a amsa. Sakaci ne ko niyya? Don shingen katakon nan ya tsaya mini a rai. Mutum ɗaya da ya ce a gicciye motar 'yan sanda a bakin layin, da ƙila yau tana raye.

Ustaz Rabi'u: Kwana ne ya ƙare, Malam Yohanna. "Da" tana buɗe ƙofar Shaiɗan.

Yohanna: To in haka ne a saki Fields ma, ai kwana ne ya ƙare.

Ustaz Rabi'u: Ba haka nake nufi ba, kai ma ka sani.

Monita: Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na shugaban zaure, don wanda bai samu bi ba.

Ɗan'uwanmu Bala ya kawo labarin wata Baturiya da mota ta kaɗe a Amurka a wajen zanga-zanga. Muna jajanta wa. A cikin rubutunsa ya yi kuskuren amfani da kalmar shahada, Ustaz Rabi'u ya yi masa gyara cikin hikima da hujjoji, Allah ya ƙara ilimi. Barista ya tabbatar da cewa kotu ba ta kira ta shahida ba, kuma ya nuna zargin da Bala ya yi wa 'yan sanda ba shi da tushe tunda shugabansu ma baƙar fata ne. Kusan kowa ya gamsu, har da ɗan'uwanmu Yohanna. Abin da ya fito fili shi ne zanga-zanga ba ta haifar da ɗa mai ido, a can ko a nan. Abin takaici, wasu sun yi amfani da damar sun ci mutuncin malami, muna kira gare su, musamman mata, su riƙa tauna magana. Batun asusu kuma kwamiti zai zauna. Muna tunatar da waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, ciki har da na ƙasashen waje.

Lauya Kabiru: Monita, ban ce ba shi da tushe ba. Na ce rahoto ya tabbatar sun gaza. Ka koma ka karanta.

Yohanna: Ni yaushe na gamsu?

Maman Hanif: "Mota ta kaɗe." Kamar akuya a hanyar Zariya. Mutumin da aka yanke wa rai-da-rai sau biyu. Kuma "mata" ni kaɗai ce, ka kira sunana mana. Kwamitin su wa da wa?

Iro: Ko ɗan yayata bai samu layi ɗaya a taƙaitawar ba.

Hajiya Talatu: Allah ya huci zuciyar kowa. Masu son atamfa da leshi sabbin kaya sun iso, a yi mini magana ta gefe.

*Bala Bajiniya ya fita daga zaure.*

Alhaji Ƙarami: To ga shi nan. Wa zai biya kuɗin taron Sallah yanzu?

*Monita ya rufe zaure. Shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.*

Ustaz Rabi'u: Jazakallahu khairan Monita. Wanda yake da lambar Bala ya isar masa cewa har yanzu bai janye ba.